Aiki da Safe, Maƙabarta da Dare: Yadda Na Halarci Bikin Tunawa da Matattu a Wahaka

Bikin da mutanen Meksiko ke kira Día de Muertos, wato ranar matattu, kwana biyu ne kacal a kalanda, 1 da 2 ga Nuwamba, amma a gidajen da ke riƙe da al'adar hidima ce da ake somawa tun tsakiyar Oktoba, kuma ba a kammala ta sai an shiga makon farko na Nuwamba. Tsawon wannan hidima ne ya sa na ɗauki aikina na tafi da shi birnin Oaxaca, wanda ake furtawa Wahaka, a kudancin ƙasar, a shekarar 2023, domin wanda ya zo ranar biki ya koma washegari ƙarshen abin kawai yake gani. Ina kula da manhajar lissafin kuɗi ne a wani ƙaramin kamfani da ma'aikatansa ke tsakanin Landan da Abuja, kuma muddin akwai wutar lantarki da intanet mai ƙarfi, babu wanda ya damu da garin da na ajiye kujerata.

Da takardu na fara. Mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Meksiko, sai dai ƙasar tana ɗauke wannan wajibi ga wanda ke riƙe da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Shengen, kuma da bizar Birtaniya na shiga. Jami'in shige da fice ne ke yanke yawan kwanakin da zai ba baƙo, iyakarsu 180, kuma izinin na ziyara ne, bai halatta karɓar albashi daga wani kamfani na cikin Meksiko ba. Na sanar da shugabannina a rubuce tun kafin in tashi, saboda zama a wata ƙasa yana iya shafar haraji da tsaron bayanan abokan ciniki.

Batun masauki ya fi ɗaukar hankalina, kuma daga baya na gane cewa shi ne ya tsara duk abin da na gani. Ɗakunan tsakiyar birni suna cika watanni kafin biki, farashinsu kuma yana tashi sosai a makon ƙarshe na Oktoba. Malamin da ke koya mini Sifaniyanci ta intanet ya haɗa ni da wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ke zaune da 'yarta da jikokinta a wata unguwa da ke wajen tsakiyar gari, tana kuma ba da hayar ɗaki guda a bayan gida. Kafin in biya kafin alƙalami na roƙi 'yarta ta kira ni ta bidiyo daga cikin ɗakin, don in tabbatar intanet ɗin zai ɗauki taro ba tare da yankewa ba. Ina kiran dattijuwar Donya, kamar yadda ake girmama mace mai shekaru a can, ita kuwa tun ranar farko ɗana take ce mini. Dokar farko da ta shimfiɗa mini ta ruwa ce: famfo ba kullum yake zuwa ba, gidaje da yawa a Wahaka tankar ruwa suke saya, saboda haka wanka sai da lissafi.

Agogo kuwa shi ne ubangidan mai aiki daga nesa. Tun Oktoban 2022 mafi yawan Meksiko ta daina sauya agogo tsakanin bazara da hunturu, don haka Abuja tana gaban Wahaka da awa 7 a duk shekara. Landan ma awa 7 ce a lokacin da na isa, amma ranar Lahadi 29 ga Oktoba Birtaniya ta mayar da agogonta baya, tazarar ta koma awa 6, taron da nake shiga da ƙarfe 6 na safe ya koma ƙarfe 7. Ina zama gaban kwamfuta bayan sallar Asuba, in tashi wajen Azahar, sauran yinin kuma na gidan ne. A shekarar, 31 ga Oktoba ta faɗo ranar Talata, 1 da 2 ga Nuwamba kuma Laraba da Alhamis, tsakiyar makon aiki ke nan, kuma ƙarshen wata, lokacin da masu lissafin kuɗi suka fi matsa wa manhajarmu. Na tura manyan ayyukana gaba, na kammala su kafin makon, na nemi hutun Laraba da Alhamis, na kuma yi musayar ranar jiran ko-ta-kwana da wani abokin aikina na Abuja.

Hidimar ta soma ne daga kasuwa. Donya ta ce in riƙe mata buhu zuwa Central de Abasto, babbar kasuwar birnin, wadda a kwanakin nan take cika maƙil kamar kasuwa a jajibirin Sallah. Motoci suna sauke damman furen da suke kira cempasúchil, mai ruwan lemo da ƙamshi mai ƙarfi, tare da wani jan fure mai laushi da ke kama da zankon zakara. Ana sayar da rake da ganyensa, da gyaɗa, da kabewa, da lemo da tuffa, da kyandirori manya da ƙanana, da turaren ƙaro da ake kira kopal, wanda mutanen yankin ke ƙonawa tun kafin zuwan Turawa. Burodin matattu na Wahaka ya bambanta da na birnin Meksiko: da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa shi, a barbaɗa masa riɗi, sannan a dasa masa ƙaramar fuska mai fenti a jiki. Donya ba ta sayen komai sai ta taɓa, ta shinshina, ta yi ciniki, kuma ta san wanda take saya wa kowane abu: wannan taba sigarin mijinta ce, wannan alewar ƙanwarta ce da ta rasu tana yarinya. A bakin wata rumfa muka sha jan abin sha mai sanyi da suke kira agua de jamaica, wanda ba komai ba ne illa zoɓo, kuma wani kaso mai yawa na zoɓorodon da Meksiko ke sha daga Najeriya ake shigo da shi, daga gonakin Jigawa da maƙwabtanta. Soyayyar fara da barkono da lemon tsami ma tana nan jibge a faranti.

Daga kasuwa sai wajen masu injin niƙa. Kowane gida yana kai nasa ƙwayar koko da sukari da kirfa da almon, ya faɗa wa mai injin gwargwadon da yake so, a niƙa masa a gabansa, ya dawo gida da ƙullun cakulan mai ɗumi a mulmula shi. Haka ma kayan baƙar miyar nan da ake kira mole negro, wadda ake haɗawa da busasshen barkono iri-iri da ake gasawa har ya yi baƙi, da riɗi, da gyaɗa, da ayaba, da burodi, da cakulan, da kayan ƙamshi masu yawa. Yini biyu matan gidan suka yi a kanta. Tun da farko na gaya wa Donya cewa ni Musulmi ne, ba na cin naman alade ko kitsensa, ba na kuma shan giya, bayani mai muhimmanci a garin da ake saka kitsen alade a abinci da yawa, ake kuma miƙa wa baƙo giyar mezcal a matsayin karramawa. Ba ta yi jayayya ba, ta ware mini ƙaramar tukunya da ta soya da man girki.

A cikin hirar niƙa da yanka ne na tambayi asalin bikin, na kuma tarar cewa ba a yi ittifaƙi a kai ba. Ranakun biyu na cocin Katolika ne, ranar dukkan waliyyai da ranar dukkan mamata, waɗanda Sifaniyawa suka kawo bayan sun ci birnin Tenochtitlan, hedkwatar daular Aztek, inda birnin Meksiko yake a yau, da yaƙi a 1521. Mutanen ƙasar kuwa, Zapotek da Mishtek da sauransu, suna da nasu al'adun girmama kakanni tun da can, kuma garin Mitla da ke gabashin Wahaka, mai tsofaffin gine-gine da kaburbura, shaida ne a kan haka. Lokacin bikin ya kuma dace da kakar masara. Marigayiya masaniyar tarihi Elsa Malvido, wadda ta yi aiki a hukumar tarihi da nazarin al'adu ta ƙasar, ta daɗe tana cewa yawancin abin da ake yi ya samo tushe ne daga Turai ta tsakiyar zamani, kuma an ƙarfafa danganta shi da 'yan asalin ƙasa ne a zamanin shugaba Lázaro Cárdenas, wanda ya yi mulki daga 1934 zuwa 1940. Hukumar UNESCO kuwa, da ta saka shi a jerin al'adun gado na duniya a 2008, a matsayin bikin 'yan asalin ƙasa ta rubuta shi. Abin da na gani a gidan ya haɗa biyun ba tare da wata damuwa ba, hoton Maryamu a sama, hayaƙin kopal a ƙasa.

Ranar 30 ga wata da yamma aka haɗa ofrenda, wato teburin da ake shirya wa mamatan gida. Aka kwashe kujerun falo, aka jera tebur da akwatuna hawa-hawa, aka lulluɓe su da farin mayafi. Aikina shi ne lanƙwasa dogayen sandunan rake biyu in ɗaure kawunansu su zama baka a saman teburin, jikokin kuma suka soka furanni a jikinsa suka rataya 'ya'yan itatuwa. Aka ajiye kofin ruwa domin, a imaninsu, mai zuwa daga nesa yana isowa da ƙishirwa, aka ajiye gishiri, da burodi, da cakulan, da kwanon miya, da kyandir ga kowane mamaci. Aka warware ganyen fure aka zuba shi a ƙasa ya zama hanya daga ƙofar gida zuwa teburin. Hotuna ne suka zo a ƙarshe, kuma a nan hidimar ta yi nauyi, domin Donya ba ta ajiye hoto sai ta faɗi sunan mai shi, ta gaya wa jikokin ko wane ne, sana'arsa, abin da ke sa shi dariya da abin da ke ɓata masa rai. Yaro ɗan shekara bakwai a gidan ya san kakan kakarsa da suna da hali. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin dukkan bikin, kuma na yi wa kaina tambaya ko 'ya'yan ƙannena za su iya kawo sunayen waɗanda suka wuce kakanninsu na kusa.

A daren ne ta ce mini, “Ɗana, idan kana da hoton mahaifinka, akwai wuri a gefen nan.” Na san girman wannan tayi, domin wuri ne take ba ni a cikin danginta. Na gode mata, na bayyana mata cewa a addinina ba mu yarda matattu suna dawowa su ci abinci ba, abin da muke yi musu shi ne addu'a, da sadaka da sunansu, da biyan bashin da suka bari, da sada zumunci da waɗanda suke ƙauna. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To ka yi masa naka, ni ma zan yi wa nawa.” Daga nan iyakata ta fito sarari, ga ni da kuma su: ina ɗaukar kaya, ina ɗebo ruwa, ina zama tare da su, amma ba na kunna kyandir, ba na shiga addu'o'insu, kuma babu wanda ya sake nemana da hakan. Ina ganin faɗin gaskiya da wuri, cikin ladabi, ya fi amfani ga baƙo da mai masauki fiye da kame-kame a tsakiyar hidima.

Mijin Donya da iyayenta suna kwance ne a maƙabartar Santa María Atzompa, garin maginan tukwane masu koren sheƙi da ke gefen birnin. Kwanaki kafin biki mutanen gari sun riga sun yi aikin gayya, wanda suke kira tequio, sun share hanyoyin maƙabartar, kowane iyali kuma ya gyara nasa kaburburan. Ranar Talata na rufe kwamfuta da rana, na ɗan kwanta, da yamma muka tafi da bokitai da tsintsiya da damman fure. Muka cire ciyawa, muka yayyafa ruwa muka gyara tudun ƙasar, aka lulluɓe shi da furanni, aka kafa dogayen kyandirori a kewaye. A Atzompa daren 31 ga Oktoba ake kwana a maƙabarta har wayewar gari. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,550, saboda haka sanyin tsakar dare yana ratsa jiki, kowa da bargonsa. Iyalai suna zaune a kan ƙananan kujeru a gefen kaburbura, ana shan cakulan mai zafi, ana hira da murya daidai, 'yan badujala suna zagayawa ana biyansu su busa waƙar da mamacin yake so. Na ga dattijon da ya kwana shi kaɗai a gefen ƙaramin kabari bai ce wa kowa uffan ba, na kuma ga iyalin da suka yi ta dariya suna tuna barkwancin mahaifinsu. Babu wanda ya ga laifin wani a cikinsu.

Ga wanda ya tashi inda ake gaggauta jana'iza, ake barin kabari ba ado, mata kuma ba su cika zuwa maƙabarta ba, ganin tsofaffi mata da jarirai a goye suna kwana tsakanin kaburbura abu ne da ke girgiza tunani. Ban fito daga wurin da sauyin aƙida ba, amma na fito da girmama mutanen da ke ɗaukar kula da mamatansu a matsayin aiki na jiki, mai cin kuɗi da barci da ƙarfi.

Wajen ƙarfe goma na dare motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara isowa, kuma a nan na ga ɗaya fuskar bikin. Wasu sun shigo a natse, sun gaisa, sun nemi izini kafin su ɗauki hoto, iyalai da dama kuma sun karɓe su har da ba su burodi. Wasu kuwa sun zo da fuska a fente kamar ƙoƙon kai, da kwalba a hannu, suna tsallake kaburbura, suna haska fitilar kyamara a idon tsohuwar da ke addu'a. A maƙabartun Santa Cruz Xoxocotlán, waɗanda suka fi suna, cunkoson ya fi haka. Fentin fuskar ma yana da tarihinsa: ya samo asali ne daga hoton ƙwarangwal mai hular gayu da José Guadalupe Posada ya zana a farkon ƙarni na 20 don zolayar masu kwaikwayon Turawa, wanda Diego Rivera ya saka a wani babban zanen bango a 1947, aka san shi da suna Catrina. Babban faretin birnin Meksiko da ake nunawa a talabijin kuwa a 2016 aka fara shi, bayan wani fim na 2015 ya nuna irinsa alhali babu shi a lokacin. Waɗannan duk sun zama ɓangaren bikin a tituna, 'yan ƙasar ma suna yin su da farin ciki, amma wurinsu titi ne, kuma babu ko mutum ɗaya a iyalin da na zauna da su da ya shiga maƙabarta da fenti a fuska.

Ranar Laraba barci ya ci rabin yinina. A gidan, ranar ce ake sallamar yaran da suka rasu a kuma tarbi manya, kuma ƙararrawar coci da rokokin wasa masu ƙara ne ke sanar da lokacin, wanda ya bambanta daga gari zuwa gari. Da na san irin ƙarar da ake yi, na gode wa Allah da ban bar wani taron bidiyo a ranar ba. Da dare jikan Donya babba ya raka ni San Agustín Etla, inda ake yin abin da suke kira muerteada: maza sanye da tufafi masu ɗauke da ƙananan madubai da ƙararrawa suna bin 'yan badujala gida-gida suna rawa har safiya, tare da wasan kwaikwayo na mamacin da ake ƙoƙarin tayarwa da baitocin zambo a kan abin da ya faru a gari cikin shekara. Ban kai safiya ba, domin shaye-shaye yana yawaita yayin da dare ke nisa.

Ranar 2 ga Nuwamba ba ta cikin ranakun hutun dole a dokar ƙwadago ta Meksiko, amma bankuna da makarantu suna rufewa, ofisoshi da yawa ma haka, don haka duk mai buƙatar kuɗi a hannu gara ya cira tun da wuri. A gidanmu ranar ziyara ce. Dangi da iyayen gidan baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa yaran gida a matsayin waliyyai lokacin da aka yi musu baftisma a coci, suna shigowa, kowa ya fara tsayawa gaban teburin ya gaida mamatan kafin ya gaida masu rai, sannan a zaunar da shi a ba shi cakulan da burodi da miya. Babu mai taɓa abin da ke kan teburin sai an tabbatar baƙin da aka shirya wa sun tafi.

Ranar Juma'a na koma bakin aiki da Asuba na tarar da saƙonni sun taru, na yi ta fama da su har rana ta take. Da na fito, an fara sauke teburin. Aka cika kwanduna da burodi da cakulan da 'ya'yan itatuwa, aka lulluɓe su da adiko, aka aiki yara da ni mu kai gidajen dangi da maƙwabta, kowane gida kuma ya mayar mana da kwandon da nasa kason a ciki. A hanyar ne 'yar Donya ta riƙa nuna mini gidajen da a da iyalai ke ciki, yanzu an mayar da su masaukin baƙi na kwana-kwana, ta ce ƙawayenta da dama sun koma bayan gari saboda haya ta fi ƙarfinsu. Ba ta faɗa don ta ɓata mini rai ba, amma na san ina cikin lissafin, domin masu karɓar albashi da fam ko dala suna iya biyan abin da malamin makaranta na Wahaka ba zai iya ba, kuma wannan ƙorafi ne ya kai ga zanga-zanga a unguwannin Roma da Condesa na birnin Meksiko a Yulin 2025. Abin da ke hannuna kaɗan ne, shi na yi: na ci gaba da zama a ɗakin bayan gida maimakon kama gida sukutum, na riƙa sayayya a kasuwar unguwa, na kuma nemi Donya ta saka ni cikin masu biyan kuɗin tankar ruwa na watan Nuwamba, wanda ta amince da shi bayan 'yarta ta sa baki.